Lauya Mai In'ina

Wata rana da hantsi, can baya lokacin da besfa ke tashe, wata babbar mota ta ɗauko auduga daga ƙauye za ta shiga Funtuwa.

Direban, Malam Tanimu, yana riƙe da sitiyari.

A gefensa ɗansa ne Lurwanu, ɗan sakandare. Hutu aka yi, ya nace sai an tafi da shi.

Yaron mota yana can saman kaya, barci ya kwashe shi.

Sun kusa gari ke nan sai ga wata bas tana tahowa. Kwatsam wani mai babur ya fito daga bayanta zai wuce ta, ya shigo hannunsu.

Malam Tanimu ya danna oda, ya taka birki, ya karkatar da mota har tayoyinta suka sauka daga kwalta.

Amma Allah ya riga ya ƙaddara.

Mai babur bai kai asibiti da rai ba.

Bas ɗin kuwa ba ta tsaya ba. Ta wuce da duk waɗanda suka ga yadda abin ya faru.

Aka tsare Malam Tanimu, aka tuhume shi da tuƙin ganganci da ya jawo asarar rai. Idan laifin ya tabbata, gidan yari zai tafi, ya bar mata da ƙananan yara.

Mutum ɗaya ne ya rage da ya ga komai da idonsa.

Lurwanu.

Shi kuwa Lurwanu in'ina gare shi.

Ba irin wadda ake ɗan sarƙewa a wuce ba. Idan kalma ta maƙale masa, sai jijiyoyin wuyansa su tashi, idonsa ya rufe, ƙafarsa ta dinga buga ƙasa.

A aji, malamai sun daina kiran sunansa. Wasu don tausayi, wasu don ba su da lokaci.

A unguwa, yara sun iya kwaikwayonsa fiye da yadda suka iya karatunsu.

A gida ma, da ya fara magana sai wani ya ƙarasa masa. Sau da yawa ba abin da yake nufi ake ƙarasawa ba, amma sai ya gyaɗa kai kawai don a rabu da shi.

Har ya zamana yakan wuni bai ce komai ba.

Ƙungiyar direbobi ce ta samo wa Malam Tanimu lauya. Sunansa Lauya Isiyaku.

Ku da kuka san Funtuwa ta wancan zamani, kun san irin mutanen nan. Dogo ne siriri, furfura ta fara ratsa gemunsa. Baƙar kwat ɗinsa ta koɗe a kafaɗa, besfarsa kuma tun daga bakin layi ake jin tahowarta.

Da la'asar ya zo gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Mahaifiyar Lurwanu, Inna Delu, ta tsaya daga bayan ƙofa ta ce, “Ranka ya daɗe, a rufa mana asiri. Yaron nan ko aike ba na iya yi masa da baki. A gaban alƙali ai dariya kawai za a yi masa.”

Lauya ya ce, “To, Inna. Bari dai in ji daga bakinsa.”

Ya juyo ya dubi Lurwanu. “Ɗana, me ka gani?”

Lurwanu ya buɗe baki. Kalmar farko ta tsaya cak.

Ya runtse ido, yana jiran a ƙarasa masa kamar kullum.

Shiru.

Da ya buɗe ido, sai ya ga lauya ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa, ya jingina da bango kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

Bai dubi agogo ba. Bai kawar da kai ba. Bai ce “yi a hankali” ba.

Jira kawai yake yi.

Aka kira magariba Lurwanu bai gama ba. Suka je masallaci tare suka dawo, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ya faɗi launin bas ɗin. Ya faɗi daidai inda mai babur ya fito. Ya faɗi yadda babansa ya yi salati, da gefen da ya karkata, da yadda motar ta tsaya a gindin wata tsamiya.

Rabon da ya yi magana mai tsawo haka, shi kansa ya manta.

Da ya gama, lauya ya sa takalminsa ya ce, “Ba zan koya maka abin da za ka faɗa a kotu ba. Abin da ka gaya mini shi za ka gaya wa alƙali. Kada ka ƙara, kada ka rage, ko da ragin zai taimaki babanka.”

Ranar shari'a kotu ta cika.

Direbobi a gefe guda, dangin mamacin a ɗaya gefen. Fanka tana juyawa a sama, ba ta hana kowa gumi ba.

Lurwanu ya hango babansa a cikin akwatin waɗanda ake tuhuma. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa.

Aka kira shi. Ya shiga akwatin shaida.

Aka tambaye shi sunansa.

Sunan nasa ma ya ƙi fita.

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya. Wani ya taya shi. Tafinta ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce wannan ɓata lokacin kotu ne, a sallami yaron a ci gaba.

Lurwanu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Sai ya ji an ja kujera.

Lauya Isiyaku ya miƙe a natse, ya gyara kwat ɗinsa.

“Ya mai shari'a, kotun nan ta saba jira. Tana jiran lauyoyi idan sun makara, tana jiran takardu idan sun ɓace. Mutumin da ke cikin akwatin can ya daɗe yana jira a tsare. Ina roƙon ta jira yaron nan ya gama maganarsa.”

Alƙali ya cire tabarau ya dubi zauren. Ya ce duk wanda ya sake yin dariya, a waje zai ƙarasa ta.

Sannan ya ce, “Yaro, muna jinka.”

Lurwanu ya yi magana.

Ya sha wuya, rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma ya kai ƙarshe.

Mai gabatar da ƙara ya juya masa tambaya ta nan, ya juya ta can, ko zai kama shi da saɓani. Amsar ba ta canza ba. Kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da sawun taya da aka auna a bakin hanya.

A zama na gaba aka wanke Malam Tanimu.

Kafin su tafi gida, lauya ya ce masa, “Kotu ta sallame ka, amma can akwai marayu. Ka je ka yi musu ta'aziyya.”

Malam Tanimu ya je. Lauya da kansa ya raka shi.

Lurwanu yana kallon duk wannan, yana ajiyewa a ransa.

Bayan kwana biyu besfa ta sake tsayawa a ƙofar gida. Lauya bai ko sauka ba.

“Ranar Asabar ba na zuwa kotu. In ba ka da aiki, ka zo ofis mu yi hira.”

Hira? Da shi?

Tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa gayyatarsa hira.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani kanti kusa da kasuwa. Matakalar katako ce mai ƙara. A ciki akwai tafireta, da littattafai har kusa da rufi, da warin tsohuwar takarda gauraye da ƙamshin ƙosan da ake toyawa a ƙasa.

Har yau, in ji Lurwanu, idan ya ji ƙamshin ƙosai da safe, ɗakin nan yake tunawa.

Lauya zai aika a sayo koko da ƙosai, su zauna. Sai ya kawo magana.

“Akuyar Wane ta shiga gonar Wane ta ci dawa. Mai gona ya kama ta ya ɗaure, da dare kura ta cinye ta. Wa ke da gaskiya?”

Lurwanu ya ce mai akuya.

“To ni lauyan mai gona ne. Kare naka.”

Su yi ta fafatawa har koko ya huce. Lauya ba ya raga masa, kuma ba ya katse shi.

Da ya ga yaron ya fara yin galaba, sai ya tafa hannu ya ce, “Madalla. Yanzu mu yi musanya. Kai ne lauyan mai gona.”

Ranar farko Lurwanu ya ji haushi. Yaya za a ce ya rushe abin da ya gama ginawa?

Lauya ya yi dariya har da tari. “Wanda bai san hujjar abokin hamayyarsa ba, bai gama sanin tasa ba. Fara.”

Lokacin hutu kuwa Lurwanu kan bi shi kotu, a bayan besfa, rungume da jakar littattafai. Ya zauna a bencin baya ya kasa kunne. A hanyar dawowa lauya zai ɗaga murya saboda iska ya ce, “Shaidan nan na biyu, ka yarda da shi?”

In ya ce a'a, sai a ce masa, “Don me?”

Kullum “don me.”

In'inar ba ta tafi ba. Amma tsoronta ya fara raguwa.

A hankali wani buri ya tsiro masa, wanda ko lauyan bai gaya wa ba.

Shekarar da zai gama sakandare, wani malami ya zagaya aji yana tambayar kowa abin da yake so ya karanta a jami'a. Wannan ya ce likita, wancan ya ce injiniya.

Da aka zo kansa, ya tattara duk ƙarfinsa ya ce lauya.

Kafin kalmar ta gama fita, aji ya kece da dariya.

Malamin bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Dafa kafaɗarsa ya yi ya ce, “Lurwanu, kana da ƙoƙari. Amma ka nemi aikin da hannu ke yi. Aikin lauya na masu baki ne.”

Maganar ta shige shi, don da tausayi aka faɗe ta.

Asabar ta zo bai je ofis ba. Ta sake zagayowa bai je ba.

Da aka gama jarrabawa, ya roƙi babansa ya kai shi garejin wani abokinsa ya koyi kanikanci. A ganinsa ƙarfe ba ya tambaya, ba ya dariya.

Wata ranar kasuwa yana kwance a ƙarƙashin wata babbar mota, baƙin mai har gira, sai ya ji ƙarar da ya sani.

Besfa.

Ya yi lamo, ko za a ce ba ya nan.

Sai ya ga takalma baƙaƙe sun tsaya a gefen taya. Sannan gwiwoyi suka sauka ƙasa. Dattijon nan, da kwat ɗinsa da komai, ya durƙusa a cikin ƙasar gareji yana leƙo shi.

“Ƙosai ya yi mini yawa ni kaɗai. Laifin me na yi maka?”

Lurwanu ya fito. Da ƙyar ya haɗa maganar.

“Baba, an ce aikin lauya na ma-masu baki ne. Ni kuwa ka ga yadda nake.”

Lauya ya girgiza kai.

“Masu baki sun cika kotu har sun yi yawa, Lurwanu. Abin da muke nema ruwa a jallo shi ne wanda zai saurari mutum har ya gama. Kai ka san zafin a katse ka. Talakan da zai zo gabanka yana rawar murya, ba za ka taɓa katse shi ba. Wannan ba a koyar da shi a jami'a.”

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

“Kanikanci sana'a ce mai albarka. In ita kake so, da kaina zan kawo maka besfata gyara. Amma in gudu ne ya kawo ka nan, wanke hannunka mu tafi.”

Lurwanu ya dubi sifanar da ke hannunsa.

Ya ajiye ta.

Ba a karon farko ya samu jami'a ba. Sai da ya sake zama jarrabawa, lauya na zaune masa a kan Turanci duk Asabar.

Ranar da zai tafi Zariya, Inna Delu ta cika masa jaka da ƙuli-ƙuli da yaji. Malam Tanimu ya kai shi da babbar motarsa har bakin ƙofar makaranta, ya danna oda don kowa ya san ɗan direba ya zo karatun lauya.

Karatu bai zo da sauƙi ba.

A kotun gwaji ta ɗalibai an yi masa dariya. Ya koma ɗaki ya yi kuka, washegari ya sake rubuta sunansa.

Tun da ya san kowace kalma da wuya take fitar masa, sai ya koyi tace magana. Abin da wani zai yi ta zagaye a kai, shi sai ya faɗe shi a jimla biyu ya zauna. Malamai suka fara lura cewa idan ya miƙe, ajin kan yi tsit.

Daga nan ya wuce makarantar horar da lauyoyi.

Ranar da aka rantsar da su, Lauya Isiyaku ya zo da sabuwar babbar riga. Bai yi dogon jawabi ba. Gyara masa zaman hular lauyoyi kawai ya yi, ya ja da baya ya kalle shi, ya juya yana share ido da hannun riga wai ƙura ce.

Lurwanu ya so ya zauna a ofishinsa ya yi aiki. Dattijon ya ƙi.

“In ka zauna a nan, inuwata za ta hana ka tsawo. Je ka Kaduna ka sha wuya a hannun wasu.”

Ya tafi. Shekaru suka shuɗe, ya yi aure, ya fara suna.

Sai ga wata shari'a ta dawo da shi gida. Rikicin iyakar gona ne tsakanin maƙwabta biyu, shi yana tsaya wa ɗaya.

Da ya shiga kotu ya dubi ɗaya ɓangaren, sai ya tsaya cak.

Lauya Isiyaku ne zaune, gemu fari fat, sanda jingine da kujera.

Lurwanu ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Ya yi ƙasa da murya ya ce zai janye, ya miƙa wa wani shari'ar.

Dattijon ya ce, “Mutumin da ya ɗauke ka, laifin me ya yi? Koma wurinka.”

A ransa Lurwanu ya ɗauka abin zai zo da sauƙi. Tsoho ne, ƙarfi ya ragu, kuma ai uba ba zai kunyata ɗansa a gaban jama'a ba.

Ashe bai san komai ba.

Dattijon ya tashi da sandarsa ya bi shaidun Lurwanu ɗaya bayan ɗaya, cikin ruwan sanyi, har sai da maganarsu ta watse. Ya zaƙulo wani tsohon hukunci da Lurwanu bai taɓa cin karo da shi ba. Duk ƙofar da yaron ya nufa, sai ya tarar an riga an rufe ta.

Lurwanu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi gumi kamar ba gobe.

Ya sha kaye.

Yana tattara littattafansa, ransa a jagule, sai ya ji an taɓa shi da sanda.

“Barista, yunwa nake ji. Zo ka saya wa tsoho tuwo.”

Suka zauna a rumfar wata mai tuwo a bayan kotu. Dattijon ya wanke hannu, ya bi shari'ar daga farko, yana nuna masa inda ya yi sakaci da inda ya burge shi.

Lurwanu ya kasa daurewa. “Baba, ko ɗan sassauci ba ka yi mini ba.”

Tsohon ya ajiye lomar da ya ɗauka.

“Da na sassauta maka, da na ci amanar wanda ya ɗauke ni. Kuma da na raina ka. Yara ake yi wa sassauci. Ni yau da lauya na kara, kuma sai da na kwana biyu ina shiri saboda kai.”

Lurwanu ya sunkuyar da kai.

Ita ce shari'ar ƙarshe da dattijon ya tsaya a kai. Damina na kamawa ya kwanta ciwo, kafin kaka Allah ya karɓi abinsa.

Lurwanu yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Yau shi ma furfura ta kama shi. Har yanzu kalma takan maƙale masa a gaban alƙali, sai ya tsaya, ya numfasa, ya ci gaba. Ya ci shari'u da shi kansa bai san adadinsu ba.

Amma idan matasan lauyoyi suka kewaye shi suka ce ya ba su labarin ranar da ya fi alfahari da ita, ba ya kawo ko ɗaya daga cikinsu.

Sai ya yi murmushi ya ce, “Bari in ba ku labarin ranar da aka kayar da ni.”

Darasi:

Yaron da kake gani shiru-shiru, wataƙila ba rashin abin faɗa ne ya sa shi shiru ba. Wanda zai saurare shi ne bai samu ba.

Ba sai kana da dukiya za ka gina ɗan wani ba. Ka ba shi lokacinka, ka tambaye shi ra'ayinsa, ka bi sawunsa ranar da ya karaya. In ya girma kuma, ka girmama shi ka ɗauke shi a matsayin tsaranka.

Idan akwai wanda ya taɓa tsaya maka haka, rubuta sunansa a ƙasa mu taya ka yi masa addu'a. In yana raye, kira shi yau, kada ka bari sai gobe.

Ka tura wa malami, ka tura wa uba, ka tura wa matashin da aka ce masa ba zai iya ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riƙe hannunmu.